Farin Sukari da Jan Sukari: Wanne Ya Fi Wa Jiki?

(Kiɗan buɗe shiri)

   

Yau a shirinmu na kiwon lafiya maganar sukari za mu yi. 'Yan shekarun nan, tun da saƙonnin waya suka cika gari, wata magana ta zauna a bakin mutane: wai farin sukari guba ne, shi kuwa jan sukari, mai ruwan ƙasan nan da ake sayarwa a manyan kantuna, shi ne na masu kula da lafiyarsu. Har ta kai za ka ji ɗa ya shigo gida da leda a hannu yana cewa, "Baba, ka bar farin nan haka, ga ja na sayo maka, shi ba ya komai." Alhali Baban nan mai ciwon suga ne. Niyyar yaron mai kyau ce, ƙauna ce ta sa ya kashe kuɗinsa. Amma wannan kalma ta "ba ya komai" tana iya kwantar da mahaifinsa a gadon asibiti, kuma ita ce ta sa muka ware shirin yau sukutum a kan batun.

Saboda wanda wani uzuri zai tayar kafin mu kammala, bari in ba da amsar tun yanzu. Ta fuskar lafiya, farin sukari da jan sukari duk kanwar ja ce. Inda suka sha bamban shi ne ɗanɗano, da laima, da irin aikin da kowanne ya fi dacewa da shi a madafa, sai kuma farashi. Ku biyo ni ku ji dalili.

Mu fara daga gona. Sukarin da muke sha a wannan yanki namu daga rake yake fitowa. A ƙasashen sanyi irin su Rasha da Faransa da Jamus wata saiwa suke nomawa su fitar da nasu, amma mu namu na rake ne. Idan an sari rake an kai masana'anta, sai a daddatsa shi, a matse ruwan, a tace, a yi ta dafawa har ya yi kauri. Yana yin kauri sai ƙwayoyin sukari su fara bayyana, suna nitse cikin wani baƙin maɗi mai danƙo, wanda 'yan masana'anta ke kira molas. Daga nan sai a juye shi cikin wani inji mai wulwulawa da gudun gaske, maɗin ya fice ta ƙananan huji, ƙwayoyin su tsaya. Abin da ya tsaya shi ake kira ɗanyen sukari, launinsa ruwan ƙasa ne saboda ragowar maɗin da ya manne a jikinsa.

Irin wannan ɗanyen sukari ne ake lodowa a jiragen ruwa, mafi yawa daga Barazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman rake a duniya, a sauke shi a tashar Legas, matatun Dangote da BUA da Flour Mills su tace shi. Muna da namu gonakin raken da masana'antu, kamar na Numan a jihar Adamawa da na Sunti kusa da Mokwa a jihar Neja, sai dai abin da suke fitarwa bai kama ƙafar abin da ƙasar ke sha ba.

A matata, ana wanke ɗanyen sukarin nan, a narkar da shi, a sa masa sinadarin laim don datti ya taru a cire, a bi da shi ta cikin matatai irin su gawayi na musamman da ke tsotse launi, sannan a sake dafa shi har ƙwayoyi su fito a karo na biyu. To ku lura da wannan, domin a nan ne jita-jita ta fi yawa. Ba fenti ake shafa wa sukari ya yi fari ba. Ƙwayar sukari asalinta ba ta da launi. Idan aka raba ta da maɗi da ƙura da guntayen rake, fara za ta fito da kanta. Shi ya sa farin sukari kusan kashi 99.9 cikin 100 nasa abu ɗaya ne tak, wanda masana ke kira sukuros.

To shi jan fa? Mutane da yawa sun ɗauka shi ne wanda ba a taɓa ba, wanda ya fito kai tsaye daga rake. Akwai irin wannan, wanda ake tsayar da aikinsa tun kafin a raba shi da maɗinsa duka, kamar mai manyan ƙwayoyin nan da ake kira Demerara, sunan wani yanki a ƙasar Gayana ta Kudancin Amurka. Amma mafi yawan jan sukari mai laushi da ke cikin fakiti, farin sukari ne da aka gama tacewa tsaf, sannan aka dawo da ɗan maɗi aka cuɗa shi da shi. Mai hasken launi yana ɗauke da maɗi kimanin kashi 3.5 cikin 100, mai duhun kuma kimanin kashi 6.5. Mutum ɗaya ne, jiya ya fito da farar riga, yau ya sako mai ruwan ƙasa.

Uwargida, kina iya gwada wannan da kanki. Ki ɗebi cokali guda na jan sukari mai laushi ki zuba a farin faranti, ki ɗiga masa ruwan sanyi kaɗan, ki karkata farantin. Za ki ga ruwan ya gangara da launin shayi, abin da ya rage a farantin kuma ya soma yin fari. Maɗin ne ya wanke, sukarin da kika sani ne ya bayyana.

Yanzu wani zai ce, to ai maɗin nan yana da amfani, an ce akwai sinadaran gina jiki a cikinsa. Gaskiya ne, akwai. A cikin giram 100 na jan sukari ana samun kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, kimanin miligiram 83. Ana samun sinadarin ƙarfe mai ƙara jini kimanin miligiram 0.7, da ɗan fotasiyam. Farin sukari kuwa kusan babu ko ɗaya. Idan aka tsaya a nan, sai a ce ja ya yi nasara. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, sai mun tambayi nawa jiki yake buƙata.

Baligi yana buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1,000 a rana. Kenan wanda zai nemi kalsiyam ɗinsa a jan sukari sai ya shanye fiye da kilo guda kullum. Kofi ɗaya na madara ko nono yana ba da kusan miligiram 300, kuma kafin ka sami wannan a jan sukari sai ka sha ƙaramin cokali wajen 90. Macen da ke cikin shekarun haihuwa tana buƙatar sinadarin ƙarfe wajen miligiram 18 a rana, wanda a jan sukari ya haura kilo 2. Wa zai iya? Kuma wanda ya gwada, me zai same shi? Mai neman ƙarin jini ga wake, ga zogale, ga alayyafo, ga hanta da nama da kifi. Mai neman ƙarfin ƙashi ga nono da kindirmo a bakin ƙofarsa. Abin da ke cikin cokalin jan sukari bai taka kara ya karya ba.

Ta wajen ƙiba ma haka abin yake. Giram 100 na farin sukari yana da kalori wajen 387, na ja kuma wajen 380, kuma ɗan ragin nan saboda laimar da ke cikin jan ne. A ƙaramin cokali ɗaya, wanda bai wuce giram 4 ba, kowannensu kalori 15 zuwa 16 ne.

Da sukari ya wuce maƙogwaro, batun launi ya ƙare. A cikin hanji sukuros yana rabewa gida biyu, gulukos da furuktos. Gulukos ya shiga jini nan take, sai wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki sinadarin insulin don ya shigar da shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Furuktos kuwa hanta ce ke ɗawainiya da shi, idan ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse. Mai ciwon suga, ko dai insulin ɗinsa ya yi kaɗan, ko jikinsa ya daina jin maganarsa yadda ya kamata, don haka gulukos ɗin sai ya taru a jini. Cokalin ja da cokalin fari tashi ɗaya za su yi masa. Haɗarin ma ya fi ga ja, domin mutum yana tsoron fari yana taƙaitawa, amma da an ce masa wannan ba ya komai sai ya saki hannu, mai zuba ɗaya ya koma zuba uku. An gudu ba a tsira ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan farin sukari da jan sukari. Na san tun ɗazu akwai masu cewa a ransu, "Malam, mu fa ba ruwanmu da na kanti, muna da mazarƙwailarmu tun kaka da kakanni." Madalla, mu zo kanta, don ta cancanci a tsaya mata.

Duk wanda ya ratsa ƙasar Makarfi da Kudan da kewayensu a jihar Kaduna lokacin saran rake ya san ƙamshin. Ana tara raken a gefen gona, a riƙa cusa shi cikin injin matsa. A da doki ne ke zagayawa yana juya injin, yanzu da yawa sun koma injin mai. Ruwan yana tsiyaya kore-kore cikin mazubi, a kwashe a zuba a manyan tukwanen ƙarfe da ke kan wuta, kuma busasshiyar tuƙar raken da aka matse ita ce makamashin. Mai dahuwa yana tsaye da dogon ludayi yana kwashe kumfar da ke tasowa da datti, ruwan yana ƙonewa yana sauya launi, daga kore zuwa ruwan zuma, daga nan zuwa ja mai duhu. Gwanin aiki da ido yake gane ta nuna: idan ya ɗaga ludayin ya ga tana zuba da nauyi tana jan zare, sai a sauke, a yi ta juyawa ta sha iska, a zuzzuba a ƙananan kwanoni. Tana hucewa ta daskare, a kife kwanon, curi ya faɗo. Sana'a ce mai wahala, ga zafin wuta ga hayaƙi, kuma tana ciyar da gidaje masu yawa. Ba mu kaɗai ke yin ta ba: a Indiya suna da irinta suna kiranta gur, a Kolombiya kuma panela.

Mazarƙwaila ta bambanta da jan sukarin fakiti, domin ita ba a raba ta da maɗinta ba ko kaɗan. Duk abin da ke cikin ruwan rake yana cikinta, shi ya sa ta fi fari da jan kanti sinadaran ƙarfe da kalsiyam da fotasiyam, ta kuma fi su ƙamshi nesa ba kusa ba. Ni a ganina, a kunun gyaɗa ko a alewa, babu sukarin kanti da zai ba ka abin da take bayarwa, kuma kuɗin da ka saye ta da shi aljihun manominmu yake shiga. Wannan dalili ne mai kyau na sayenta.

Amma in faɗa muku gaskiya tsakani da Allah, mazarƙwaila sukari ce. Mafi yawan nauyin curin nan sukuros ne da gulukos da furuktos. Ba maganin ciwon suga ba ce, ba kuma mafakar mai ciwon suga ba ce. Iyayenmu mata da ke haɗa tsimi da sauran kayan gyaran jiki da ita, a riƙa tunawa cewa kofin tsimin nan kofin zaƙi ne, a lissafa shi cikin abin da aka sha a ranar. Mai juna biyun da aka ce mata sukarin jininta ya hau, ta nisance shi har sai ta ji daga likitanta.

Akwai kuma batun tsabta. Farin sukari idan ƙasa ko ƙwaro ya faɗa masa, ido zai gani. Launin mazarƙwaila yana ɓoye datti. Wadda aka baje a tire a bakin titi, ƙura na sauka ƙuda na bi, ba daidai take da wadda aka naɗe aka rufe ba. Ki zaɓi busasshiya mai ƙarfi, wadda ba ta naso, ba ta warin tsami, ba ta da furfura a jiki. In za ki yi abin sha da ita, musamman na yara, ki narkar da ita a ruwa, ki tafasa, ki tace da rariya mai laushi. Abin da za ki gani ya kwanta a gindin tukunya zai sa ki riƙe wannan al'ada. Masu yin ta kuma, don Allah a riƙa tace ruwan da kyau, a rufe ta tun daga inda aka yi ta. Kayanku zai ƙara daraja.

Haka zancen yake game da zuma. Zuma abinci ce mai albarka da daraja a wurinmu, amma a lissafin zaƙin da ke shiga jini, ita ma tana ciki. Jariri kuma da bai cika shekara 1 ba, likitoci sun hana a ba shi zuma, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjinsa bai yi ƙwarin da zai yaƙe ta ba.

To tunda launi ba shi ne abin dubawa ba, me za a duba? Cokali. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, haɗe da zuma da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana. Ga baligi matsakaici, wannan ya kama giram 50, wato ƙaramin cokali wajen 12. Ta ƙara da cewa in an iya saukowa ƙasa da kashi 5, wato giram 25 ko cokali 6, ya fi. Ku lura, hukumar ba ta ware fari daban ja daban ba, kuma ƙaramin cokalin shayi ake nufi, shafaffe, ba cokalin cin shinkafa da aka yi wa tozo ba.

Mu ɗan yi lissafi tare, kowa ya duba kansa. Da safe an tsaya teburin mai shayi, ya ɗebo da babban cokali ya zuba biyu, ga madarar gwangwani mai zaƙi a kai. Wannan kaɗai ya kai ƙananan cokula shida ko fiye. Ko kuma a gida an dama koko, an zuba uku. Da rana ta take, an sayi fura da nono, mai furar ta tambaya, "A sa suga?" aka ce mata, "Sa da yawa, yau akwai rana." Bayan la'asar an yi baƙo, an aiko da lemon kwalba, wanda guda ɗaya kan ɗauki sukari har giram 35 zuwa 40, kusan cokali 9 zuwa 10. Da dare ga zoɓo mai sanyi a firji. Ba mu ambaci cincin da alkaki da nakiya da dubulan na gidan biki ba, ba mu ambaci shayin ƙaramar buta da samari ke dafawa a majalisa zagaye uku, kowane zagaye da nasa sukarin ba. Mutumin da ya yi wannan wuni ya ninka iyakar nan sau biyu, kuma in ka tambaye shi zai rantse maka shi ba mai shan zaƙi ba ne. Da azumi kuwa abin ya fi haka, domin kunu da zoɓo da lemo duk a zama ɗaya ake haɗa su lokacin buɗa-baki.

A ce mutumin nan ya mayar da duk sukarin wunin nan ja. Me ya ragu? Kuɗin aljihunsa kawai.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Ba shan sukari kaɗai ke kawo ciwon suga ba. Akwai gado, akwai ƙiba musamman ta tumbi, akwai rashin motsa jiki, akwai shekaru. Tuwo da shinkafa da burodi ma gulukos suke komawa a jiki, shi ya sa mai ciwon yake buƙatar tsarin abinci gaba ɗaya daga asibiti. Sai dai yawan zaƙi, musamman na abin sha, yana daga cikin manyan hanyoyin da ƙiba ke shigowa, don abin sha ba ya ƙosarwa, kana sha kana neman abinci. Wannan na cikin dalilan da suka sa dokar kuɗi ta shekarar 2021 a Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari.

Haƙori kuwa ba ya jiran tsufa. Ƙwayoyin cutar da ke cikin baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin bayan haƙori har ya yi rami. Su ma ba sa tambayar launi, kuma abin da ke mannewa a haƙori, irin alewa da mazarƙwailar da yaro ke tsotsa ya yi barci da ita a kumatu, ya fi daɗewa yana ɓarna. Yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a sa masa sukari a kununsa ko kaɗan. Harshensa bai san shi ba, ba zai nema ba, mu ne muke koya masa.

Sai batun inganci, don kada a ce mun yi wa ja rashin adalci. A madafa kowanne da wurinsa. Jan sukari yana riƙe laima saboda maɗin da ke jikinsa, shi ya sa masu yin kek ke son sa: kek ɗin yakan yi laushi, ya yi launi, ya yi ƙamshi mai zurfi. Farin kuma ba shi da wani ɗanɗano sai zaƙi, don haka ba ya danne ƙamshin citta da kanumfari a zoɓo, ba ya ɓata hasken kunun aya, kuma cincin ya fi ƙaras-ƙaras da shi. Wajen ajiya fari ya fi haƙuri, in dai bai ji ruwa ba zai yi shekaru. Da damina yakan dunƙule in an bar shi a buɗe. Ja kuwa hunturu ne abokin gabarsa, iska na busar da laimarsa sai ya sandare. In haka ta faru kada ki zubar, ki sa shi a mazubi mai murfi tare da yankan burodi guda, ki rufe ya kwana, zai saki.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: tun shekarar 2002 Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a sukari da man girki da fulawa, saboda ƙarancinsa yana raunana gani da garkuwar jikin yara. Shi ya sa za ku ga hoton ido a jikin buhu ko fakiti. In za ku saya, fari ne ko ja, ku duba lambar hukumar NAFDAC, ku duba wannan hoton ido. Ba wai a ƙara shan sukari don neman bitamin ba, manja da karas da mangwaro da ganye sun wadatar. Amma tunda za a saya, a sayi wanda aka san asalinsa. Masu awo a kasuwa kuma a riƙa rufe buhu.

Akwai lokaci guda da sukari ke zama ceto, kuma ya kamata duk gidan da ke da mai ciwon suga su san shi. Wanda ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage suga, wani lokaci sukarin jininsa kan faɗi ƙasa sosai, musamman in ya sha magani bai ci abinci ba. Za ku ga yana karkarwa, gumi na keto masa, yunwa ta taso, magana ta soma rikicewa. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a narkar da ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a ruwa a ba shi, kowane iri ne ke kusa, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Ga mai son ragewa, ba sai an yanke rana ɗaya ba. Mai zuba uku ya koma biyu, bayan 'yan makonni ya koma ɗaya. Harshe yana sabawa, har ta kai shayin da kake sha a da ya gundure ka. Uwargida ta daina zuba sukari a tukunyar kunu gaba ɗaya, ta bar kowa ya sa nasa da ƙaramin cokali, kuma cokalin yara ya kasance a hannunta. In ƙishirwa ce, ruwa. In kwaɗayin zaƙi ne, gara ka ɓare lemon zaƙi ka ci, ko gwanda, ko kankana, ko ka sami gaɓar rake ka tauna, da ka shanye kwalba.

Roƙona na ƙarshe ga 'ya'yan da ke ɗawainiya da iyaye masu ciwon suga, Allah Ya yi muku albarka: kuɗin da za ku sa a jan sukari, ku sa shi a gwajin jini da maganin da likita ya rubuta. Wanda kuma ya ga yana yawan fitsari musamman da dare, ga ƙishirwa ba ta yankewa, ga rama ba dalili, ko gani ya soma dishi-dishi, ko ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, kada ya tsaya sauya launin sukari. Ya tashi gobe da safe kafin ya karya, ya je asibiti mafi kusa a ɗiga jinin yatsarsa a auna. Haka duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ko da yana jin kansa garau.

A nan za mu dakata.  

(Kiɗan rufe shiri)